Yadda muka buɗe manhajar kallon fina-finan Hausa, da abin da ta ci mana

Farkon 2023 ne muka zauna ni da abokina a wani ɗan ofis saman bene a Zoo Road a Kano muka ce mu ma bari mu buɗe wajen kallon fina-finan Hausa a waya, irin wanda mutum zai biya ya kalla. Ba mu muka fara ba, akwai Northflix, akwai Kallo.ng, Arewa24 ma tana da tata manhajar, amma mun ga kasuwar CD ta mutu murus, Ƙofar Wambai da ake rububin sarin fim ta zama tarihi, furodusoshi duk sun koma YouTube suna ta kukan kuɗin tallan ba ya mayar musu da jari.

Lissafin da muka rubuta ranar har yanzu yana wajena. Kuɗin yaron da zai haɗa manhaja, rajistar kamfani a CAC, dala 25 ta Google Play sau ɗaya, dala 99 ta Apple duk shekara don su bari a ɗora manhajar a wajensu, sai ɗan talla a Facebook da rediyo. Wallahi duk wannan shi ne mai sauƙin. Abin da ba mu sa a takarda ba shi ne duk wanda ya danna fim ya kalla mu ma biya muke, don kamfanin da ke ajiye mana bidiyon yana cajin kowane gig da ya fita, kuma da dala. Fim na awa ɗaya ko ba a sa shi garau sosai ba yana cin wajen rabin gig, toh mutum dubu su kalla ka ga gig 500 kenan a shiri ɗaya tak. Muna cikin haka aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yunin 2023, dalar da banki ke ba mu a 460 da wani abu ta kama hawa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, mu kuwa naira dubu ɗayar da muke karɓa wajen mai kallo duk wata tana nan ko sisi ba mu isa mu ƙara ba.

Amma inda muka fi shan wuya wajen kaya ne, wato me za a kalla. Tunaninmu a lokacin mu cika manhajar da tsofaffin fina-finai, mutum ya shigo ya ga abin ya yi yawa ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. Na je wajen wani dattijon furodusa a Fagge, ya jawo durowa ya fito da hadis, wato ma'ajiyar bidiyo ta kwamfuta, guda uku a ƙulle cikin baƙar leda, ya ce "ɗana, duk wahalar da na sha tana cikin nan, ka riƙe amana." Na ce in sha Allah Baba. Da muka jona, ɗaya bai tashi ba sam, ɗaya kuma fina-finan ciki duk da tambarin wata tashar YouTube a kusurwa. Shi bai yi mana ƙarya ba, abin da ya rage masa kenan. Bayan sati biyu da ɗora wani daga ciki sai ga wani ɗan kasuwa da takardarsa, ashe tun zamanin CD ya sayi fim ɗin gaba ɗaya, dole muka sauke. Daga ranar ban ƙara karɓar fim da baki ba, sai an rubuta waye mai shi, shekara nawa aka ba mu, kuma mu kaɗai ne ko har da YouTube.

Ga kuma abin takaici, tsofaffin nan ba a kallonsu. Mutum zai shigo ya ɗan duba ya fita, don me zai biya abin da yake samu kyauta. Abin da ke riƙe ɗan kallo yanzu shiri mai dogon zango ne, wanda zai kwana yana tunanin me zai faru sati mai zuwa. Sai muka kwashe sauran jarin muka fara namu, zango ɗaya kashi 13, muka yi gaggawa muka fara saki da kashi huɗu kacal a hannu. An cire tallafin mai, kuɗin janareto da motar lokeshan da abincin ma'aikata duk sun ninka, ga damina, ga jarumarmu tana da wani aikin a Kaduna, muka yi sati biyu babu sabon kashi, kusan rabin waɗanda suka biya ba su sabunta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda muka saki ɗin ma kafin gari ya waye ya shiga Telegram, da yamma masu turawa a waya suna sayar da shi a bakin titi. Yanzu muna sa lambar wayar mai kallo ta riƙa yawo a jikin hoton, ya rage abin amma bai hana ba.

Wadda ta fi buɗe min ido yayata ce. Na je gidanta na tambaye ta ya ba ta kallon namu alhali na buɗe mata kyauta, ta miƙo min wayar ta ce "ƙanena ni ba dubu ɗayarka ce damuwata ba, kashi biyu na kalla datar sati ta ƙare." Na zauna shiru. Mu muna ta alfahari da hoto garau ashe shi ke korar mutane, kuma shi ke ƙara mana cajin dala. A satin muka sa zaɓin 240p da 360p, wato hoton da ba ya cin data sosai, muka sa mutum ya iya saukewa cikin manhajar da datar dare mai araha ya kalla da rana. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 wannan gyaran ne ya tsare mu. Biya ma haka, katin ATM ba ya yi wa mutanenmu, sai da muka kawo tiransifa da USSD da biyan sati-sati. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke ta saƙon sun kasa biya, wakili muka samu can yana karɓar sefa yana ba su lambar shiga.

Wani lokacin in na ji nauyin abin nakan tuna Amazon ma da duk kuɗinta ta dakatar da ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka a farkon 2024. Mu dai muna nan, mun rage ma'aikata, mun bar ofishin saman bene, kashi na farko na kowane zango muna sa shi kyauta a YouTube ya jawo mana mutane. Zango na uku kuwa sai da muka ɗauke duka 13 aka gama editin kafin mu sa ranar fita, kuma tunda hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a Mayun 2025 kan rashin kai su tacewa, mun sa kuɗin tacewa da kwanakin jira cikin lissafi tun daga farko. Ranar Litinin zan kai musu namu.