Idan marubucin littattafan yara ya shiga aji

Marubucin da ya ziyarci 'yan firamare kada ya cika su da karatu. Minti 10 sun isa, bayan haka hankalinsu ya tafi wani wuri. Gara ya nuna musu daftarinsa na farko, wanda ya sha gyara da jan biro, su gane ba a zama ɗaya ake gama littafi ba.

Sai aiki: kowane yaro ya rubuta nasa labarin a ɗan ƙaramin littafi. A ba kowane yaro farar takarda 2, a ninke su a tsakiya, a ɗinke, shafi 8 ke nan. Tambaya uku ce jagora: wane ne a labarin, me yake so, me ya tare masa hanya?

Abin da ke ɓata aikin shi ne gyara wa yaro haruffa tun bai gama ba, nan take gwiwarsa ta yi sanyi ya ajiye fensir. A bar gyaran sai labarin ya kai ƙarshe.