Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Motar da Ba Ta da Fistin

Makon jiya na tsaya inda Kawu, Allah ya jiƙansa, ya zagaya motar sau biyu a ƙofar gidanmu na Ƙofar Ƙaura a Katsina, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ɗana, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Wannan kashin na motar ne da mutanen da ta tara.

Mazda RX-8 ce mai giyar hannu shida, irin wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012. Ta shigo tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Injinta ba shi da fistin ko ɗaya. Ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku, ana ce musu rota, kowanne na juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, dabarar wani Bajamushe, Felix Wankel. Girman injin lita 1.3 ne kacal, amma allurarsa na kai juyi 9,000 a minti ɗaya. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe mai aikin da ringi ke yi wa fistin. Shi ne ran motar. Ranar da ya cinye, sai a sauke inji.

Siririn ƙarfen nan ba ya rayuwa a bushe. Shi ya sa aka yi wani ƙaramin famfo da ke ɗibar baƙin mai yana fesa shi cikin inda fetur ke ƙonewa. Motar na shan baƙin mai ne da gangan, haka aka halitta ta. Duk shan mai na biyu a zaro sandar awo a duba, a ƙara in ya sauka, kuma kada but ya rabu da galan. Rariyar Kawu ke nan, ko da yake shi kuɗin aljihuna yake nufi.

Nan ne abin da har yau yake ci mani rai. Wani bawan Allah daga Daura, da muka haɗu a gidan mai a hanyar Mashi don ya hangi irin tasa ya juyo, ya ce baƙin mansa na raguwa. Lokacin ban gama sanin injin ba, na kwatanta masa garejin wani bakanike, ba zan kama sunansa ba. Bakaniken ya ga siraran bututan da famfon nan ke tura baƙin mai ta cikinsu, ya ce yoyo ne, ya toshe su, ya karɓi kuɗinsa. Injin bai ga wata damina ba. Ba jahilcin ne ya ɓata mani ba, kowa da iyakar saninsa. Girman kan da ya hana shi cewa "ban san wannan ba" shi ne. Har gobe in mun haɗu da bakaniken a jana'iza gaisuwa ce kawai.

Wanda ya fara gane injin a garin nan ba mai gyaran mota ba ne. Wani dattijo ne mai gyaran tsofaffin babura a wajen Ƙofar Marusa. Ya saurari ƙararta, ya shinshina hayaƙin, ya ce, "Alhaji, wannan ai 'yar'uwar Yamaha ce, mai take so cikin mai." Daga bakinsa muka ɗauki zuba man 2T a tanki, irin na ƙaramin janareta amma mai kyau na cikin roba a rufe: kamar mililita 4 a kowace lita, wato kusan kwatan lita a tankin da ke cin lita 60. A fara zuba shi kafin fetur, don ya gauraya. Ƙari ne a kan aikin famfon. In aka zarce, filogi zai yi baƙi.

Abu na biyu da ke kunyata mai ita a gaban jama'a shi ne shaƙewa. Ka tayar da ita da sanyin hunturu, ka matsar da ita daga rumfa, ka kashe nan take, to fetur ya kwanta ya jiƙa filogi. Kada a kashe ta sai allurar zafi ta hau. In ta riga ta shaƙe, a taka totur har ƙasa a riƙe, wannan na sa kwamfutar motar ta datse fetur, a murɗa makulli daƙiƙa goma, a huta kada kik ya ƙone, a sake. Sannan a saki totur a tayar. Hayaƙi zai turnuƙe, kada a tsorata. Batir mai rauni ba ya wannan aikin. Wani yaro ɗan jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya nuna mana haka a filin ɗaurin aure, ga manyan mutane tsaye. Yanzu ya yi iyali, shi ke haɗa mu da masu irinta na Kano da Kaduna a WhatsApp.

Filogi huɗu ne, koyil mai ba filogi wuta shi ma huɗu, biyu ga kowace rota, kuma na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne, akwai harafin T da L a jikinsu. Masu riƙe da ita kan canza koyil da wayoyi da filogi tare a wajen kilomita 50,000. In koyil ya gaji, fetur ɗin da bai ƙone ba na wucewa salansa ya narkar da abin tace hayaƙin nan da ake ce wa indomi, shi kuma ya toshe ya mayar da zafi cikin inji. A Ƙofar Ruwa ta Kano wani mai kayan gyara ya taɓa hana mu jabun koyil yana da shi a shago, ya ce mu jira na kasuwar Ladifo daga Legas. Mako biyu muka jira. Ɗansa ne ke shagon yanzu.

Bazara ita ce babbar jarrabawa. Tafasa guda na iya lalata robar da ke raba ruwa da wuta a injin nan. Lagireto ya zama tas, fankoki biyun su yi aiki, a wanke ƙurar da ke toshe ƙananan lagireton baƙin mai da ke bayan bamba, iyakilina, wato abin tace iskar inji, kuwa a kakkaɓe shi kowane mako in hazo ya sauka. Tudun rage gudu a hau shi a karkace, don cikinta dab yake da ƙasa. Mai son saye ya gwada ta da zafi: a zagaya, a kashe, a sake tayarwa. In ta yi ta jan ƙafa, ƙarafan nan sun fara cinyewa, komai sheƙin fenti.

A cikin gari da kyar lita ke kai ta kilomita 7. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, uku daga cikinmu masu irinta sun lulluɓe nasu da tamfol. 'Yan'uwan da suka ce motar banza ce mai hana ɗaukar buhu sun samu abin faɗa, sun dawo mani da maganar rariya kamar su suka ƙirƙire ta. Sun manta Kawu da kansa ya ce a kai shi Daura Sallar Gani a cikinta, ya naɗe babbar rigarsa a cinya, muna wuce Mashi ya ce, "Ɗan ƙara mata wuta." A gidan mutumin Dauran nan muka sauka, matacciyar motarsa na tsakar gida, shi ya yanka mana kaji. Yadda aka yi muka haɗa kuɗi mu biyar aka nemo masa wani injin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.