Shekarar da muka yi ta sayar da kayan da ba su iso ba

Ni dai ban taɓa tuƙa jirgin sama ba, amma na yi sama da shekara ina aiki a wani ɗan ƙaramin shago a Ingila da ke sayar da kayan kwaikwayon tuƙin jirgi ta intanet, irin waɗanda mutum zai jona da kwamfutarsa a ɗaki ya zauna kamar yana gaban jirgi, su sitiyarin jirgi, sandar tuƙi da ake ce wa joyistik, totur da fedar ƙafa. Karatu ne ya kai ni ƙasar, a fannin jigilar kaya, bizar ɗalibi kuma awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati, to sai Allah ya haɗa ni da wannan shagon. Aikina amsa imel ɗin kwastomomi da kula da jerin oda. Mu huɗu ne gaba ɗaya har da oga.

Na fara a watan Satumba 2020, lokacin kasuwar ta haukace. Ranar 18 ga Agusta ne sabon Microsoft Flight Simulator, wasan kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgi, ya fito, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya haɗa, kuma rabon da a ga babban sabon fitowa irinsa tun 2006. Ga korona ta kulle mutane a gida ba tafiya ba yawo, kowa sai ya tashi yana son sitiyari ko joyistik a lokaci ɗaya. Kayan Thrustmaster, Logitech, Honeycomb duk suka ɓace daga kantuna, wanda ya samu kuma wani sai ya ɗora a eBay ya tsawwala kuɗi. Mu ma kantarmu wayam.

Sai a watan Nuwamba oga ya buɗe oda ta biya kafin kaya su zo, ga wani totur da wani ƙaramin kamfani ke ƙerawa a kudancin Chaina, ba zan kama sunansa ba. Mutum ya biya kuɗinsa cif, mu rubuta sunansa a layi, kaya in sun sauka mu tura masa. Kamfanin ya ce mana Fabrairu. Ni kuma na ɗauki wannan Fabrairun kamar yadda ta zo na zuba ta cikin kowane imel, ban ƙara ko kwana ɗaya ba, ban kuma tambayi Fabrairun me ake nufi ba. Ashe su abin da suke nufi shi ne ranar da kaya za su bar masana'anta, ba ranar da za su shigo sito ɗinmu ba, tsakanin biyun kuwa akwai mota zuwa tashar ruwa, jiran jirgi, sama da wata guda a kan teku, kwastam, sai wata motar. Wannan kuskure nawa ne, kuma har yau in na tuna yana min ciwo don mutane sun tsara abubuwansu a kan maganata.

Fabrairun ma ba ta yiwu ba. Sabuwar shekarar Chaina ta faɗo ranar 12 ga watan a 2021, masana'antu kan rufe sati biyu ko fiye ma'aikata su tafi garuruwansu, duk abin da bai fita kafin hutun ba sai bayan an dawo an sake haɗa kan ma'aikata. A aji an faɗa mana wannan, amma sai da ya ci ni sannan ya zauna min a kai.

Da aka dawo hutu kuma sai maganar cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ta taso. Nan ne na fahimci abin da ban taɓa tunani ba, totur ɗin nan kusan duk jikinsa roba ne da ƙarfe, duk an ƙera an jera, amma akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a ciki wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba, ita ke karanta motsin hannunka ta gaya wa kwamfuta, in babu ita kayan duka gunki ne kawai. Kuma irinta ce masu ƙera motoci da firji da injin wanki ke nema. A watan Fabrairun nan sanyi mai tsanani ya katse wuta a jihar Texas ta Amurka har masana'antun Samsung da NXP da Infineon na Austin suka tsaya, a watan Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Naka a Japan, Taiwan kuma na fama da fari alhali ƙera cif na shan ruwa sosai. Abin da da za ka yi oda ya zo cikin 'yan makonni sai aka koma cewa ka jira kusan shekara. To in kamfanin mota mai sayen miliyoyi na layi, wa zai kula mai sayen 'yan dubbai? Ƙaramin kifi ne a gaban manya. Daga baya sai masu ƙera totur ɗin suka canja cif ɗin da wani iri, wanda hakan ke nufin sake zana allon lantarkin da sake rubuta manhajar ciki da sake gwaji, wata biyu suka tafi a nan.

Ni kuma ina nan ina ta canja rana. Afrilu. Sannan Yuni. Kullum kamfani ya ba mu sabuwar rana sai in kwafa in tura, kamar telan da ya karɓi ɗinkin sallah fiye da ƙarfinsa yana ta cewa gobe gobe, bambancin kawai shi tela keken na gabansa, ni ko ba abin da ke hannuna.

Akwai wani dattijo cikin masu jira, ya yi ritaya, ya rubuto min cikin natsuwa ba zagi ba faɗa. Ya ce shi ba jiran ne ya dame shi ba, ya san duniya na cikin wani hali, abin da ya dame shi sau uku kenan ina ba shi rana kuma ba ko ɗaya da ta tabbata, don haka kar in ƙara ba shi rana, in gaya masa kawai yanzu kayan suna ina. Wallahi na daɗe ina kallon wannan saƙon. Na kai wa oga, muka zauna, daga ranar muka canja salo gaba ɗaya. Duk ranar Juma'a sai in tura wa kowa da ke layi saƙo ɗaya, ko akwai labari ko babu. In an gama haɗawa in ce an gama, in kwantena na tasha tana jiran jirgi in ce tana jira, in ba abin da ya motsa a satin in ce ba abin da ya motsa. In dole sai an faɗi lokaci to tsakanin wata kaza da wata kaza, tare da dalilin da zai iya sa a wuce. A ƙasan kowane saƙo kuma layi ɗaya, duk mai son kuɗinsa ya faɗa za a mayar masa ba tambaya. Na zata wannan layin zai kwashe mana rabin mutane, amma sai imel ɗin fushi suka ragu sosai, masu janyewa ma ba su kai na lokacin da muke ta alkawari ba.

Kuma an yi sa'a mun canja kafin masifar teku ta same mu. Jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya toshe mashigin Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris, ɗaruruwan jirage suka yi cirko cirko, kayanmu ba sa ciki amma abin ya hargitsa jadawalin jirage da kwantenoni na watanni, shi kansa jirgin sai farkon Agusta ya iso tashar ruwa ta Felixstowe a Ingila. Namu kayan sun kammala ƙarshen Mayu, daidai lokacin da korona ta ɓulla a tashar Yantian ta Shenzhen aka taƙaita aiki kusan wata guda. Da suka samu jirgi suka iso Ingila kuma sai ga ƙarancin direbobin manyan motoci, kwantenoni sun cika Felixstowe ba mai ɗauka, har a watan Oktoba kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya riƙa karkatar da wasu manyan jiragensa zuwa wasu tashoshin Turai.

Ɓangaren kuɗi shi ne wanda ya fi girgiza ni, don shi ba a gani daga waje. Farashin da muka sa wa mutane na Nuwamba 2020 ne, amma kuɗin jigilar da muka biya na tsakiyar 2021 ne, lokacin da kwantena mai ƙafa 40 da a da ba ta wuce dala 2,000 ba ta haura dala 10,000. Kayan kwaikwayon jirgi kuma kwalinsu ƙato ne, wuri suke ci ba nauyi ba, don haka kowane kwali ya ɗauki kaso mai tsoka na ƙarin. Oga ya ƙi ƙara wa waɗanda suka riga suka biya ko fam ɗaya, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, kuma na girmama shi a kan haka duk da na ga yadda ribar ta narke. Sai dai shi ma ya yi nasa kuskuren, kuɗin mutanen da ya karɓa ya zuba su a kafin alƙalamin masana'anta da wasu kayan, ranar da masu neman a mayar musu suka taru a sati ɗaya sai da ya ciro daga aljihunsa. Bayan nan ya buɗe asusu daban, kuɗin oda na zaune a can ba a taɓawa sai kaya sun bar hannunmu. Ni a ganina ma karɓar kuɗi duka ga kayan da ba a ƙera ba bai kamata ba, ɗan kafin alƙalami ya isa, ragowar in kaya sun hau jirgi. Mun yi ta gardama da shi a kan wannan, bai yarda da ni gaba ɗaya ba, yana cewa ƙaramin shago ba shi da jarin da zai riƙe.

Wani abu kuma, jerin oda ba gaskiyar buƙata ba ne. Mutum ɗaya sai ya yi oda a shago uku, wanda ya riga kawowa ya karɓa ya soke sauran. Mu muna ganin layi ya yi tsawo sai mu ƙara yawan abin da muke nema, masana'anta ta ga kowane shago ya ƙara sai ita ma ta ninka cif ɗin da take nema, kamar bulala, ɗan motsi a hannu amma can bakinta sai ta yi tsalle mai nisa. Jay Forrester na jami'ar MIT ya yi bayanin wannan tun 1961, mun karanta shi don jarrabawa, amma a jerin sunayen da ke gabana na gan shi da idona, duk ranar da wani babban kanti ya samu kaya sai in wayi gari da saƙonnin sokewa.

Kwantenarmu ta shigo sito a ƙarshen Oktoba, kusan wata goma sha ɗaya bayan mutum na farko ya biya. Wasu sun roƙi a tsallake da su gaba, har da mai cewa zai ƙara kuɗi, muka ce a'a, yadda aka shiga layi haka za a fita. Kwana uku muka yi mu huɗu muna liƙa adireshi muna lodi. Dattijon nan yana cikin ashirin na farko, ni na ɗaure kwalinsa da hannuna. Akwai kuma wani matashi mai koyon tuƙin jirgi na gaske da ya so ya riƙa atisaye a gida lokacin da makarantarsu ke rufe, shi ya janye ana saura kwana tara kaya su iso, ya ce an riga an buɗe makaranta ya koma jirgin gaske. Na mayar masa da kuɗinsa a ranar, kwalinsa ya tafi ga na bayansa a layi.