Ayyukan da Ake Neman Ma'aikatansu Ruwa a Jallo da Sharuɗɗan Shigarsu

Duk lokacin da wata babbar hukumar tarayya ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, matasanmu kan yi tururuwa zuwa shagunan intanet domin cike takardun neman aiki, alhali guraben da ake rububi a kansu ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da yawan masu nema. A daidai wannan lokaci kuma asibitocin karkara da makarantun firamare da wuraren gine-gine suna kukan rashin ƙwararrun hannu. Abin da ke damuna shi ne, ayyukan da suka fi yawan gurabe a ƙasar nan kowannensu yana da ƙofarsa da mabuɗinta, kuma sau da yawa yaro kan rasa mabuɗin tun yana aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi, ba tare da shi ko iyayensa sun san abin da ya kuɓuce musu ba.

Ya kamata a fara sanin yanayin kasuwar. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai tsayayyen albashi suke yi ba: noma ne da kiwo da kasuwanci da sana'ar hannu. Saboda haka wanda ya ɗora burinsa kacokan a kan kujerar sakatariya ya zaɓi mafi ƙanƙantar yanki na kasuwar, kuma a nan ne cunkoso ya fi yawa.

A cikin ayyukan albashi, ban ga wanda ƙarancin ma'aikatansa ya kai na jinya da ungozoma ba. A farkon 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, akasarinsu zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya, kuma duk wanda ya taɓa kwana jinyar ɗan'uwa a babban asibitin ƙaramar hukuma ya ga abin da wannan adadi yake nufi: nas ɗaya ce a ɗakin haihuwa cikin dare, tana duba ƙarin ruwan wannan, ana kiranta ga waccan da naƙuda ta kama, ga kuma 'yan'uwan maras lafiya a bakin ƙofa kowa yana ganin nasa ne na gaggawa. A Arewa matsalar ta ninka, domin iyalai da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu, ke nan mace ake buƙata, kuma macen da za ta yarda ta zauna a ƙauye.

Sharaɗin shiga makarantar jinya ba ya da sassauci. Ana neman kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, daga WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba. Karatun jinya ko ungozoma na asali shekara uku ne, digirin jinya a jami'a shekara biyar, kuma kwalejoji da dama yanzu sun koma tsarin difloma da babbar difloma ta hanyar JAMB. Bayan an gama sai an ci jarrabawar majalisar ma'aikatan jinyar an karɓi lasisi kafin a taɓa maras lafiya, lasisin kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci. A nan ne 'yan mata da yawa ke faɗuwa tun kafin su fara, ba don ba su da ƙoƙari ba, sai don makarantar garinsu ba ta da malamin Fiziks ko ɗakin gwaje-gwaje, aka tura ajin gaba ɗaya ɓangaren adabi. Yarinya za ta zo da takarda mai kiredit bakwai, Hausa da Tarihi da Addini da sauransu duk sun yi kyau, a duba a ce mata ba ta da abin da ake nema. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya gano wannan giɓi ne har ya ƙirƙiro shekarar share fage, inda ake ɗauko 'yan matan karkara a koya musu darussan kimiyya su sake zana jarrabawa kafin su nemi shiga. A ganina duk jihar da take da gaske a kan rage mutuwar mata wurin haihuwa, wannan shekara ce ya kamata ta fara zuba wa kuɗi.

Kusa da jinya akwai aikin lafiyar al'umma, wato ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin shan magani, masu rigakafi da awon ciki da duba zazzaɓi. Ana koyonsa a makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, shekara uku ga babban mataki, shekara biyu ga ƙarami, kuma shi ma yana da hukumar da ke yi wa masu shi rajista. Gargaɗin da zan yi da babbar murya shi ne a kan makarantu masu zaman kansu da suka yi yawa a 'yan shekarun nan. Kafin uba ya sayar da rago ko ya jinginar da gona ya biya kuɗin zango, lalle ya tabbatar hukumar da ke ba da lasisi ta amince da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin, domin takardar makarantar da ba a amince da ita ba ba za ta kai ɗansa zauren jarrabawar lasisi ba, shekara uku da kuɗi sun bi ruwa ke nan.

Koyarwa ita ce ta biyu, kuma ta fi jinya yawan gurabe idan lissafin buƙata ake yi. Binciken ma'aikata da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta gudanar a 2018 ya nuna ƙarancin malamai sama da 277,000 a matakin ilimi na tushe. Mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince da ita ita ce NCE, karatun shekara uku a kwalejin ilimi. Wanda ya yi digiri a wani fanni kuwa sai ya ƙara da babbar diflomar koyarwa, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take bayarwa ba tare da mutum ya bar aikinsa ba. Daga nan sai rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista da aka kafa a 1993, wadda ke shirya jarrabawar cancanta a kan kwamfuta. Takarda kaɗai kuma ba ta wadatar ba, kamar yadda aka gani a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare gwaji ta sallami sama da 21,000.

Sai dai a faɗi gaskiya, buƙata daban, ɗaukar aiki daban. Aji yana iya cika da yara ɗari babu malami, jihar kuma ta shekara biyar ba ta ɗauki ko mutum ɗaya ba saboda nauyin albashi, ga dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 ko shekara 40 a bakin aiki, wadda ta rage saurin buɗewar gurabe a inda aka aiwatar da ita. Shi ya sa masu NCE da yawa suka ƙare a makarantun kuɗi, wasu a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 ba. Wanda ya karanta Lissafi ko Turanci ko wani darasin kimiyya, shi ne ba ya daɗewa a gida, domin su makarantu ke nema da fitila.

Aikin ɗamara ba sai na tsaya dogon bayani ba, tunda kusan kowace shekara ana ɗauka kuma matasa sun san shi. Kurtun ɗan sanda ana nemansa tsakanin shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da lambar NIN da takardar ƙaramar hukuma, tsawo kuma kada ya gaza mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Neman kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi macuci ne.

Inda nake ganin ƙofa ta fi faɗi, mutanenmu kuma suka fi raina ta, shi ne sana'ar hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma ƙara kuɗin wutar lantarki ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, gidaje da shaguna da masu noman rani suka karkata ga sola, kuma wanda ya iya lissafin nauyin wutar gida, ya san girman batir da inbata da kaurin wayar da ta dace, ba ya rasa kira. Haka masu walda da wayarin da gyaran famfo da ɗaura tayil. A manyan gine-ginen Abuja da Legas har daga Togo da Benin ake ɗauko masu tayil da silin, saboda 'yan kwangila sun fi amincewa da tsabtar aikinsu. Waɗannan sana'o'i ba sa tambayar kiredit a ranar farko, abin da suke tambaya shi ne shekarun da aka yi a gaban maigida ana miƙa sifana ana kallo.

Duk da haka takarda tana da ranarta. Yaron da ya koyi aiki a garejin unguwa zai iya ciyar da kansa, amma ranar da kamfanin gini ko ma'aikatar gwamnati ko mai ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasar waje ya ce a kawo shaida, hannu kaɗai ba zai yi magana ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, NABTEB, tana ba ɗaliban kwalejojin fasaha takardar da ake karɓa wajen neman shiga kwalejin kimiyya da fasaha. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna kuma tana da tsarin auna ƙwarewar wanda ya koya a wajen makaranta a ba shi shaida gwargwadon matakinsa, yayin da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971, yake gudanar da horo a cibiyoyinsa. Mai wayarin da ke son a ba shi aikin babban gini zai buƙaci shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki, kuma gara ya fara nemanta tun yana gaban maigidansa, lokacin da yake da wanda zai tsaya masa ya kuma gyara masa kurakurai kafin ranar gwaji.