Kalmar da ta kayar da ni a gaban allo

Jiya na miƙa makullin kabad, na bar kwalejin da na yi shekara 7 ina shaƙar ƙurar alli a cikinta a nan Maraɗi. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbin 'yan kwantiragi wani abu a rubuce. To, ga shi.

Labarin ƙasa na karanta, shi kuma aka ɗauke ni in koyar. A shekarata ta biyu malamin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, ya tafi, sai darakta ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Mushe, riƙe mana ajin nan, ai duk ƙasa ce." Ba littafi, sai wata takarda da inji ya cinye rabin zanenta. A ciki na ga kalmar Faransancin nan, horizon, da A da B da C a gefe. Na ce a raina, yau an zo gidana. Ai ita ce inda ido ke ganin sama ta sauko ta taɓa ƙasa, bangon duniya in ji kakanninmu, ufuƙi in ji malaman zaure. Har burga na yi wa yara: asalinta Girkanci ne, ma'anarta abin da ke shata iyaka. Mutum na tsaye a fili, idonsa mita 1.7 daga ƙasa, hangensa bai cika kilomita 5 ba, don doron duniya a lanƙwashe yake. In ya hau abu mai tsawon mita 100 sai ya hango wajen kilomita 36. Duk wannan gaskiya ne. Daga nan na shiga ƙira: wai A na kusa, B na tsakiya, C na can nesa. Yara fiye da 80 suka kwafa tsaf.

Wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu. "Mushe, zanen nan kamar rami ne." Na ce ya zauna, ba a fi malami sani. Har yau in na tuna muryata a lokacin, sai in ji kunya ta rufe ni.

Jarrabawa ta zo, wani malami ya gyara takardun, aji ya zube a tambayar gaba ɗaya. A taron malamai darakta ya ɗauko littafin wata yarinya, ya karanta bayanina da ƙarfi, yana tsayawa ana dariya. Wanda ya ɗora mini ajin ba littafi kuwa, ba a ambace shi ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Nawan dai ba na musunsa: ban sani ba, na ƙi cewa ban sani ba.

Yaron nan, ashe babansa haƙar rijiya yake yi. Ranar wata Asabar ya kai ni inda suke aiki wajen hanyar Tibiri. Na leƙa ramin, ga ƙasa a kwance hawa-hawa, ashe kowane hawa ne ake kira horizon. Ta sama mai ɗan duhu da saiwoyi, ita ce A. Ƙarƙashinta ja, inda ruwan sama ke tara yumɓu da sinadarin ƙarfen da ya wanko daga sama, B ke nan. C kuwa ita ce tushen, wadda ba ta gama ruɓewa ta zama ƙasar noma ba. Dattijon ya ce, "Malam, mu ba mu san A da B ba, amma launi na sakewa muke sanin saura gaba nawa." Na ɗebo kowace, na jera su a babbar kwalba, na koma aji na ce kowa ya soke abin da na ba shi.

Sauran darussan gajeru ne. Kalmar nan ta horizon a takardun gwamnati wa'adi take nufi, kamar 2035 da ake ta ambata. Masu ilimin taurari kuma suna kiran bakin baƙin ramin sararin samaniya da ita, inda ko haske ya shiga ba ya fitowa. Ka tambayi fannin kafin ka buɗe baki. Kada ka karɓi aji a bakin ƙofa, ka ce a rubuta maka. Ka saurari bencin baya.

Kwalbar tana ofishin darakta shekara 5 ke nan, duk sufeton da ya zo sai an nuna masa ita, wai "ƙoƙarin makarantarmu". Jiya ya roƙe ni in bar ta. Na bar masa, amma na ɓare takardar da ke nuna wace ce A, wace ce C, na sa a aljihu.