Zoben da muka tarar a bututun libarba

Asabar, Houston.

Na sauko daga aikin dare, na yi asuba na kwanta, amma ƙarfe tara ta same ni ido biyu. Libarbar da na gani ranar Laraba a wani shagon jingina ce ta hana ni barci, irin ƙaramar bindigar hannun nan mai gangar harsashi da ke juyawa. Tun da na samu lasisin gadi da makami, wanda a nan Texas ake kira mataki na 3, nake son in mallaki tawa ta atisaye, kuɗin sabuwa kuwa ya fi ƙarfina a yanzu.

Smith & Wesson ce, Model 10, mai cin harsashi shida na .38 Special, bututunta siriri mai tsawon inci 4. Asalin ƙirar tun 1899 take, sai a 1957 aka laƙaba mata wannan lamba, kuma 'yan sandan Amurka sun yi shekara da shekaru suna rataye da ita kafin su koma fistol, wadda ba ta da ganga, ita ke ɗora wa kanta harsashi na gaba bayan kowane harbi. Baƙin jikinta ya koɗe wajen baki, inda kube ya daɗe yana gogarta. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, ƙara mini sha'awarta ma ya yi.

Allah ya taimake ni ban je ni kaɗai ba. Akwai wani dattijo a wurin aikinmu da ya yi shekaru yana gyaran bindigogi kafin idonsa ya raunana. Ni Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Ya zo da 'yar jakarsa ta fata, ya nemi izinin mai shago, aka shimfiɗa mana tsumma a kan kanta.

Da aka miƙo masa, gangar harsashin ya fara buɗewa. Ya ƙirga ramuka shida babu komai, ya sake ƙirgawa da yatsa, sannan ya yarda wani ya kai ido kusa da bakinta. Ya tokara farar takarda a bayan bututun, ya haska tocila a kanta, ya ce in leƙa ta baki. Gabana ya faɗi duk da na san gangar a buɗe take. Na ga tsagi biyar da suka murɗa dama, waɗanda ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Can ciki kusa da maƙogwaro, wato tushen bututun inda harsashi ke shiga daga ganga, na hango wasu zane-zane masu ruwan toka.

"Baba, tsatsa ta cinye ta," na ce.

Ya girgiza kai. Ya ɗiga mai a buroshin tagulla, ya zura ya fitar kamar sau goma, sai ga ɓurɓushi yana zubowa kan tsumman yana ƙyalli. Dalma ce ta harsashi da ta manne. Ya ce dalma a kan ƙarfe take zama, in an goge ta tafi, tsatsa kuwa rami take haƙawa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Harsasan dā suna barin wani gishiri mai jan danshi, ga Houston da laima, bindigar da aka harba aka jefa a durowa ba wanki kwana kaɗan ya ishe ta.

Leɓen bakin lafiya lau, babu inda ya lotsa. Ya zura siraran ƙarafan awo tsakanin ganga da bututu, ya samu 0.006 na inci, ya ce daidai ke nan. Ya daɗe yana duba ƙasan maƙogwaron da madubin ƙara girma, don a nan irin wannan ƙira ta fi sirancin ƙarfe, kuma ya sha ganin 'yar'uwarta Model 19 ta tsage a wurin saboda zafafan harsasan .357 marasa nauyi. Babu tsaga. Ni a raina ciniki ya faɗa, har na fara laluben walat.

Sai ya naɗa ɗan ƙyalle a kan sandar wanki, ya cusa shi da ƙyar, ya riƙa turawa a hankali kamar mai zura zare a allura. Ya tsaya. Ya fitar ya sake. Bai ce komai ba, ya miƙo mini sandar.

Na tura. Da farko tana tafiya da nauyi, ƙyallen ya kama ko'ina. Wajen inci ɗaya da rabi daga baki sai na ji ta zame sulum, kamar ƙafa ta faɗa rami cikin duhu, nan take kuma ta sake kamawa. Ya kama ɗan yatsana da babban yatsa ya matsa su a bayan bututun, ya ja su daga tushe zuwa baki. Ga tudun nan, bai kai kaurin farce ba, amma da zarar ka ji shi ba ka sake rasa shi. Na koma ga tocila, sai ga wani baƙin zobe ya kewaye cikin bututun kamar inuwa. Sau uku na leƙa wurin nan a baya ban gan shi ba.

Baba ya ce wani ne ya harba harsashi mai ƙarancin albarushi, ko wanda babu albarushin sam, dalmar ta tafi rabin hanya ta maƙale. Ƙarar takan fito a shaƙe, hannu kuma ba ya jin bugun da ya saba. Mutumin bai tsaya ba, ya sake jan kunama, na biyu ya je ya daki na farko, ƙarfen ya kumbura. A fistol sau da yawa irin wannan harsashi kan hana bindigar ɗora na gaba, libarba kuwa gangarta juyawa kawai take yi, babu abin da zai tare ka. Na daɗe ina tunanin mutumin nan da ban sani ba, da yatsunsa, da wanda ke tsaye kusa da shi a ranar.

Na tambaye shi ko za ta harbu a haka. Ya ce akwai masu harba irinta shekaru ba abin da ya same su, amma ƙarfen da ya miƙe ya riga ya miƙe, shi ba zai ɗora ransa a kai ba, balle nawa. Ana iya sauya bututu, sai dai wannan irin ta kafin 1982 ce, mai ƙusar da ke riƙe da bututun, kuma in aka haɗa kuɗin bututu da ladan aiki an kusa sayen wata.

Mai shagon ya shafa wurin da kansa, na ga alamar bai sani ba. Ya rage kuɗi sosai. Na so in ce na saya, wallahi na so, amma na mayar masa da ita.

Bayan la'asar na kira Kawu a Zariya, shi da ya yi aikin ɗan sanda. Ya ce, "Ɗana, a wajenmu ai libarba sai hukuma, amma adakar mafarauta na ga wadda ta fashe a hannun mai ita don an danƙara mata shiri biyu." Ya sa na yi masa alkawarin duk ranar da na ji harbi ya fito a shaƙe zan sauke hannu in buɗe ganga.

Baba ya bar mini sandar wankin da ƙyallaye. Ya ce akwai wata a wani shago wajen Pasadena, ranar Talata za mu je, kuma wannan karon ni zan fara dubawa.