TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 4): Shi jaka, ni faranti

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya a inda na gaya muku mu tagwaye ne, mace da namiji, ciki ɗaya nono ɗaya, a wani tsohon gidan ƙasa nan wajajen Ƙofar Rini cikin garin Sakkwato. To yau zan ba ku labarin yadda hanya ta rabe mana.

Har muka kai shekara huɗu ni ban san akwai wani bambanci tsakanina da ɗan uwana ba, tare muke birgima a ƙasa, tare muke shan kunu a kwano ɗaya. Ranar da na fara ganewa ba zan manta ba, ya samo tsohuwar tayar keke yana garawa da kara, na bi shi a guje har bakin titi ina ta dariya, da muka dawo shi ba wanda ya ce masa uffan, ni kuwa Inna ta ja kunnena ta ce "ke mi kika nema waje? ɗiya mace ba ta gudu haka nan." Daga ranar aka ɗaura min ɗankwali, aka ba ni 'yar tsanar ƙashi in goya, can ba da daɗewa ba aka sauke 'yar tsanar aka ɗora min ƙanena na gaske a baya. Shi yana langa da ƙwallo da harbin tsuntsu da danƙo, ni ina tuwon ƙasa a gindin murhu, in ya faɗi ya yi kuka a ce tashi namiji ba ya kuka, in na ɗaga murya a ce yi ƙasa da ita. Wallahi mu duka biyun an tauye mu, shi an hana shi hawaye, ni an hana ni baki, kuma ba da mugunta ba, Inna ma haka aka rene ta.

Makarantar allo tare aka kai mu, nan kam ba a bar ni baya ba, sai dai mu mata a bayan zaure muke zama kuma in rana ta ɗaga mu ake fara sallama saboda aikin gida.

Da muka cika shekara shida Baba ya je kasuwa ya sayo yunifom saiti ɗaya, jaka ɗaya, sandal ɗaya. Na tsaya bakin ƙofa ina jira a ciro nawa daga leda, ledar ta ƙare. A satin ne Inna ta wanke wani farantin silba ta jera dunƙulen fura ta rufe da faifai ta aza min a kai, ta ce kuɗin da na samo da su za a tara min kayan ɗaki. Ina shekara shida fa ake maganar kayan ɗakina. Shi ya yi gabas da jaka ni na yi yamma da faranti, in bi ta Tsohuwar Kasuwa in zagayo, kuma wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, silifas ɗin roba har laushi yake yi a ƙafa.

Amma a kan farantin nan na koyi lissafi. In mutum ya ɗauki fura uku ya miƙo murtala, wato naira ashirin, dole kafin ya ƙifta ido in san canjinsa, don in kuɗi suka yi giɓi ni zan sha faɗa. Da dare kuma in ɗan uwana ya baje littafinsa gaban fitilar ƙwai sai in matso in ce nuna min, ya riƙe min hannu muna zana A da B a ƙasa da tsinke. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa kora ta ba.

Wadda ta juya al'amarin ita ce kakata ta wajen uba, muna ce mata Goggo. Tsohuwa ce da ba ta san boko ko harafi ɗaya ba amma ta haddace waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u tun tana budurwa, tana rera su in tana kaɗi, kuma duk sanda za ta ziyara Hubbare ni take riƙe wa hannu. A can ta nuna min inda Nana take kwance kusa da mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta ba ni labarin 'Yan Taru, yadda Nana ke naɗa mata jajiya, wato jagorori, ta ba kowacce malfa da jan rawani, su tattaro mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Sai da na girma na karanta cewa a 1793 aka haife ta, ta rasu a 1864, kuma da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu, sannan Shehu da kansa a cikin littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar magana kan malaman da ke karantar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abin da ke min ciwo har yau kenan, a garin da aka yi wannan mata, a nan ake cewa karatun 'ya mace asara ne.

A ƙarshen watan Satumba na 1999 shugaban ƙasa Obasanjo ya zo nan Sakkwato ya ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai ɗaya kyauta, gari ya ɗauka, Rediyo Rima ba ta da wata magana sai ita. Da magariba Baba na zaune kan tabarma da rediyonsa, ni kuma na dawo talla ina ƙirga kuɗi gaban Inna, sai Goggo ta fito da sandarta ta tsaya a kansa.

Ta ce "kai, ka ji abin da a ka hwaɗi ko? Yarinyar ga yaushe za ta tahi makaranta?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce "Goggo ai ɗiya mace gidan wani za ta, kuma tallan ga shi ka taimakon uwatta."

Ta ce "gidan wanin da za ta, da jahilci kaka son ta tahi mai? Ka hi Shehu sanin addini ne? Shi bai bar ɗiyanai mata cikin duhu ba." Ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin kaɗinta, duk sun nannaɗe sun yi laushi, ta ajiye kan tabarmar ta ce a ɗinko min yunifom. Baba bai ƙara cewa komai ba, don bai taɓa musu da ita ba. Inna ce ta shiga ɗaki, na ji tana sharɓe, lokacin na zaci baƙin cikin kuɗin fura ne, sai bayan shekaru ta gaya min ita ma an taɓa rubuta sunanta a makaranta lokacin shirin UPE na ilimin firamare kyauta a 1976, aka ɓoye ta cikin rumbu ranar da malamai suka zo ɗauka.

Haka na shiga aji ɗaya ina shekara tara, ɗan uwana yana aji huɗu. Na fi kowa tsawo, aka sa ni a bencin ƙarshe, kuma tun ranar farko aka miƙo mana tsintsiya mu mata, maza su ne monita, su ke kaɗa ƙararrawa. Tallan ma ban daina ba, sai dai ya koma bayan la'asar.

A sati na biyu malaminmu ya rubuta ashirin a ɗebe shida a allo, ya juya wajen maza yana jira, aji ya yi tsit suna ta ƙirga yatsu da tsakuwa. Ni ban ma san sanda bakina ya buɗe ba, na ce sha huɗu, don canjin fura uku ne. Malam ya juyo da alli a hannu ya leƙa bayan aji ya ce wa ya yi magana, ni kuma muryar Inna ce kawai ke min yawo a kunne, yi ƙasa da ita, sai na dunƙule na ja hijabi na rufe fuska. Yarinyar da ke kusa da ni ce ta nuna ni da yatsa.

Abin da malam ya yi bayan nan, da yadda maganar ta kai kunnen Baba a masallaci, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku sa Goggo cikin addu'a, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta.